Tsakanin Alfarma da Haƙƙi: Haɗin Kai da Hidimar Mazaɓu a Tarihin Majalisar Birnin Shikago

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matakan mulkin da jama'a ke zaune a ƙarƙashinsu, babu wanda ya kai majalisar gari kusanci da talaka. Shugaban ƙasa sai dai a ji muryarsa a rediyo, gwamna kuma sai a hango ayarin motocinsa, amma kansila mutum ne da ake iya tarewa a bakin hanya a gaya masa cewa magudanar ruwa ta toshe ko fitilar titi ta mutu. Wannan kusanci ya ɗora wa kansila nauyi iri biyu. Na farko shi ne yi wa mutanen mazaɓarsa hidima a kan ƙananan buƙatunsu na yau da kullum. Na biyu shi ne zama da sauran kansiloli domin yin doka, da tsara kasafin kuɗi, da sa ido a kan magajin gari. Nauyin farko ba ya sauka sai da na biyu, domin kuɗin da za a cike rami ɗaya da shi a mazaɓa ɗaya sai majalisa ta amince kafin ya fita.

Saboda haka ne mutane da yawa ke ɗauka cewa da zarar kansiloli sun haɗa kai, to talaka ya huta. Wannan maƙala za ta bibiyi tarihin Majalisar Birnin Shikago ta ƙasar Amurka, daga shekarar 1955 zuwa 'yan shekarun nan, domin nuna cewa zancen bai tsaya nan ba. Majalisar ta ga zamanin da babu mai cewa uffan a zaurenta, ta kuma ga zamanin da ake nuna wa juna yatsa ana zage-zage. A dukkan zamunnan biyu akwai unguwannin da suka sha wuya. Ma'aunin da maƙalar za ta riƙe shi ne wannan: shin hidima tana isa ga mutum ne a matsayin haƙƙinsa na ɗan gari, ko kuwa a matsayin alfarmar da zai biya da ƙuri'arsa?

2.0 Tsarin Majalisar

Shikago birni ne da ke bakin Tafkin Mishigan, a Jihar Illinois. A ƙidayar shekarar 1980 yana da mutane kimanin miliyan uku, waɗanda kusan kashi 40 cikin ɗari baƙaƙen fata ne, kimanin kashi 14 'yan asalin Latin Amurka, sauran kuma galibi Turawa ne jikokin baƙin da suka zo daga ƙasashe irin su Ailan da Folan da Jamus da Italiya. Kowane jinsi yana da unguwanninsa. Baƙaƙe sun fi yawa a kudanci da yammacin birnin, Turawa kuma a arewa maso yamma da kudu maso yamma.

Tun shekarar 1923 aka raba birnin zuwa mazaɓu 50, kowace da kansila ɗaya. Ke nan a wancan lokaci kansila guda yana wakiltar mutane wajen dubu sittin. Magajin gari shi ke jagorantar zaman majalisa, amma ba ya jefa ƙuri'a sai idan an yi kunnen doki. Yana da ikon hawa kujerar na-ƙi a kan duk dokar da majalisa ta zartar, kuma ba a iya ture wannan ƙin nasa sai da ƙuri'u 34, wato kashi biyu cikin uku. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, domin a kansu rikicin da za mu gani a gaba ya rataya.

Akwai kuma wata tsohuwar al'ada da ba a rubuta ta dukkanta a doka ba, wadda za mu iya kira hurumin kansila. Ma'anarta ita ce, duk abin da ya shafi mazaɓa guda, kamar sauya ƙa'idar amfani da wani fili, ko ba da izinin kafa allon talla, ko lasisin sayar da giya, sauran kansiloli 49 suna bin abin da mai mazaɓar ya ce. Yau ka goyi bayana a kan nawa, gobe in goyi bayanka a kan naka. Wannan al'ada ta mayar da kowane kansila tamkar hakimi a ƙasarsa.

3.0 Zamanin Inji

A shekarar 1955 aka zaɓi Richard J. Daley magajin gari, kuma ya riƙe kujerar har rasuwarsa a watan Disamba na 1976. Ya haɗa wannan muƙami da shugabancin jam'iyyar Dimokurat na Gundumar Cook, wadda Shikago ke cikinta. Tsarin jam'iyyar ya yi ƙarfi, yana aiki ba tangarɗa, har mutane suka laƙaba masa suna Inji.

Man da ke tafiyar da wannan Inji shi ne ayyukan gwamnati. Masana sun ƙiyasta cewa guraben aikin da jam'iyya ke rabawa sun haura dubu talatin. Kowace mazaɓa an karkasa ta zuwa ƙananan rumfunan zaɓe, kowace rumfa kuma tana da wakilin jam'iyya, wanda galibi ma'aikacin birni ne da ya sami aikin ta hanyar shugaban jam'iyya na mazaɓa. Wannan wakili ya san kowane gida. Idan garwar shara ta fashe shi ake gaya wa, idan reshen bishiya ya tokare rufi shi ake nema, idan yaro ya gama makaranta yana neman aiki shi ke kai sunansa gaba. Ranar zaɓe kuma sai ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tuna wa mai gida alherin da aka yi masa. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wakilin da ya kasa kawo ƙuri'u, aikinsa na cikin haɗari.

Ba za a musa ba, wannan tsari ya biya wa dubban iyalai buƙata. Amma garwar sharar da ake bayarwa da kuɗin harajin jama'a aka saye ta, sai ga shi mai karɓa yana godiya kamar daga aljihun kansila ta fito. Bugu da ƙari, rabon bai zama daidai ba. Unguwannin baƙaƙe, waɗanda ƙuri'unsu suka taimaka ƙwarai wajen ɗora Daley a kan kujera, su ne suka fi fama da cunkoson gidaje da makarantu da ƙarancin gyara. Kansiloli baƙaƙe shida da ke majalisar a shekarun 1960 sun yi kawaici a kan wannan hali, har jama'a suka yi musu laƙabi da Shida Masu Shiru.

A zauren majalisa kuwa haɗin kai ya kai matuƙa. Duk abin da magajin gari ya kawo sai ya wuce, kansiloli sun zama 'yan amshin Shata. Wanda ya fi shahara da saɓa wa wannan layi shi ne Leon Despres, kansilan mazaɓa ta 5, inda Jami'ar Shikago take, wanda ya yi shekara ashirin a majalisa daga 1955 zuwa 1975. Sau da yawa shi kaɗai yake ƙin amincewa, wani lokaci ma a kashe masa lasifika yana tsakiyar magana. Ko da yake Bature ne, shi ne ya fi kowa ɗaga murya a kan wariyar da ake nuna wa baƙaƙe a gidaje da makarantu.

Tsagewar farko a bangon Inji daga kotu ta zo. A shekarar 1969 wani lauya mai suna Michael Shakman ya shigar da ƙara a kotun tarayya, yana cewa tilasta wa ma'aikatan gwamnati yi wa jam'iyya aiki tauye haƙƙin sauran 'yan takara da masu zaɓe ne. A 1972 aka cimma yarjejeniya a gaban kotu wadda ta haramta korar ma'aikaci saboda siyasa. Saura batun ɗaukar aiki, wanda ya jira har shekarar 1983.

4.0 Dusar Ƙanƙara da Farkawar Jama'a

Bayan rasuwar Daley, Wilson Frost, baƙar fata kuma mataimakin shugaban majalisa, ya ce shi ya kamata ya riƙe kujerar na ɗan lokaci. Manyan jam'iyya suka hana shi, majalisa ta zaɓi Michael Bilandic. Baƙaƙen Shikago ba su manta da wannan ba.

A watan Janairu na 1979 dusar ƙanƙara mai yawa ta rufe birnin. Aka yi kwanaki tituna ba su buɗe ba, shara ta taru, motoci suka maƙale. Domin a hanzarta zirga-zirga, hukumar sufuri ta sa wasu jiragen ƙasa na cikin gari su riƙa wuce tashoshin da ke unguwannin baƙaƙe ba tare da tsayawa ba, jama'a na tsaye cikin sanyi suna kallo. Injin da duk hujjar zamansa ita ce yana yi wa mutane aiki, sai ga shi ya kasa share titi. A zaɓen fid da gwani na watan Fabrairu Jane Byrne ta kayar da Bilandic, da gagarumin goyon bayan baƙaƙe.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Byrne ta shirya da jiga-jigan Injin da ta yi yaƙin neman zaɓe a kansu. A 1981 aka sake shata iyakokin mazaɓu ta yadda aka rage ƙarfin ƙuri'ar baƙaƙe da 'yan Latin Amurka, a 1982 kuma ta maye gurbin wasu baƙaƙe da Turawa a hukumar gidajen gwamnati, alhali mafi yawan mazauna gidajen baƙaƙe ne. Jama'a suka ƙaurace wa bikin shaƙatawa da birnin ke shiryawa a bakin tafki, suka kuma duƙufa wajen yin rajistar zaɓe, har sababbin masu zaɓe suka haura dubu ɗari.

Wanda ya ci gajiyar wannan yunƙuri shi ne Harold Washington, lauya, ɗan majalisar wakilai ta tarayya. Shi ma a cikin Inji ya tashi, mahaifinsa wakilin rumfar zaɓe ne, don haka ya san ciki da bai ɗin tsarin kafin ya juya masa baya. A watan Fabrairu na 1983 ya lashe zaɓen fid da gwani da kimanin kashi 36 cikin ɗari, bayan Byrne da Richard M. Daley, ɗan marigayi Daley, sun raba ƙuri'un Turawa. A babban zaɓe na ranar 12 ga Afrilu, shugabannin Dimokurat da dama a mazaɓun Turawa suka koma bayan ɗan takarar Rifablikan, Bernard Epton. Duk da haka Washington ya yi nasara da kusan kashi 52, ya zama baƙar fata na farko da ya hau kujerar magajin garin Shikago.

5.0 Yaƙin Majalisa

Ranar 2 ga Mayu, 1983, majalisa ta yi zamanta na farko a ƙarƙashin sabon magajin gari. Kafin ranar, Edward Vrdolyak, kansilan mazaɓa ta 10 kuma shugaban jam'iyya na gunduma, tare da Edward Burke na mazaɓa ta 14, sun riga sun tara kansiloli 29 a bayansu. Da Washington ya ga ba shi da rinjaye, sai ya ɗage zaman nan take ya fice da magoya bayansa 21. Vrdolyak ya hau mumbari ya ci gaba da zama, suka rarraba kusan dukkan shugabancin kwamitoci a tsakaninsu, suka tuɓe Wilson Frost daga kwamitin kuɗi suka naɗa Burke. Ɓangaren Washington ya garzaya kotu, kotu ta tabbatar da abin da 29 ɗin suka yi.

Daga cikin 29 ɗin nan, 28 Turawa ne, ɗaya ɗan Latin Amurka. Su kuwa 21, baƙaƙe 16 ne da Turawa biyar. Don haka launin fata yana cikin rikicin, babu mai musun wannan. Amma ruwa ba ya tsami banza. Washington ya faɗa ƙarara cewa zamanin raba ayyuka ta hannun jam'iyya ya ƙare, kuma a shekarar ya sa hannu a kan yarjejeniyar Shakman ta biyu, wadda ta haramta ɗaukar aiki bisa siyasa in ban da ƙalilan daga manyan muƙamai. Ya kuma ba da umurnin buɗe takardun gwamnatin birni ga duk mai son dubawa. Kansilan da ya gina martabarsa a kan samar wa mutane aiki ya san abin da wannan ke nufi gare shi.

Lissafin ƙuri'u ya ɗaure kowa. Masu 29 suna iya zartar da doka, amma ba su kai 34 da za su ture ƙin magajin gari ba. Shi kuma yana iya hana tasu wucewa, amma ba ya iya zartar da tasa. Haka aka yi shekara uku ana kokawa babu kaye. Sunayen mutane da dama da ya zaɓa domin hukumomin lambuna da sufuri da makarantu suka maƙale a kwamitoci, wasu har wajen shekara biyu. Kasafin kuɗi kan wuce ne bayan doguwar ja-in-ja, gab da cikar wa'adi. Ana nuna zaman majalisa a talabijin, 'yan gari suna kallon wakilansu suna ihu a kan juna. Wani ɗan wasan barkwanci, Aaron Freeman, ya kwaikwayi fim ɗin Star Wars ya kira abin Yaƙin Majalisa, sunan ya bi shi har yau. Jaridar Wall Street Journal kuma ta kwatanta Shikago da Bairut, wadda a lokacin ke cikin yaƙin basasa.

6.0 Yadda Titi ya Raba Gardama

A tsakiyar wannan rikici aka yi wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Washington ya kawo shirin karɓar bashi ta hanyar sayar da takardun lamuni domin gyaran titunan cikin unguwa, da magudanan ruwa, da hanyoyin masu tafiya da ƙafa. Sabon abin da ke cikin shirin shi ne kowace mazaɓa daga cikin 50 za ta sami rabonta, ta masoyi da ta maƙiyi. Masu rinjaye suka riƙe shirin a kwamiti, domin ba su so ya sami abin nunawa idan zaɓe ya zo.

A shekarar 1985 sai magajin gari ya ɗauki 'yan jarida a motar safa ya shiga mazaɓun abokan hamayyarsa, wuraren da ƙuri'ar da ya samu ba ta taka kara ta karya ba. Ya tsaya a kan titunan da suka farfashe, ya gaya wa mazauna wurin cewa kuɗin gyara yana nan, kansilansu ne ya ƙi sakin sa. Gani ya kori ji. Mutanen da ba su zaɓe shi ba, wasu ma ba sa ƙaunar ganinsa, suka dami ofisoshin kansilolinsu da koke. Kansila yana iya jure fushin magajin gari shekara da shekaru, amma ba ya iya jure fushin maƙwabcinsa a kan ramin da ke ƙofar gida. Sahun 29 ya fara rawa, aka zauna aka daidaita, aka ƙara wasu ayyuka, shirin ya wuce.

Wannan shi ne haɗin kai mafi daraja da aka gani a waɗannan shekaru, kuma ba soyayya ce ta haifar da shi ba. Abin da ya haifar da shi shi ne an fitar da rabon fili, kowa ya ga abin da mazaɓarsa za ta samu, kowa kuma ya san wanda ya tare hanya. Da zarar ɗan gari ya gane cewa kwaltar nan tasa ce, ba sai ya roƙa ba, sai dangantakarsa da kansila ta juya: mai godiya ya koma mai tambaya.

Ƙarshen kunnen dokin kuwa daga kotu ya sake zuwa. Kotun tarayya ta sami taswirar mazaɓu ta 1981 da tauye ƙuri'ar baƙaƙe da 'yan Latin Amurka, aka sake shata wasu iyakoki, aka yi zaɓe na musamman a mazaɓu bakwai a watannin Maris da Afrilu na 1986. Magoya bayan Washington suka ƙaru da kujeru huɗu, cikinsu har da Jesús García a mazaɓa ta 22 da Luis Gutiérrez a ta 26. Majalisa ta koma 25 da 25, ƙuri'ar magajin gari ta zama mai raba gardama. Sunayen da suka daɗe a maƙale suka wuce, a 1987 kuma aka zartar da dokar ɗa'ar ma'aikata da zaɓaɓɓu. A watan Afrilu na shekarar Washington ya kayar da Vrdolyak ya koma kujera karo na biyu.

Bai daɗe yana morar rinjayen ba. Ranar 25 ga Nuwamba, 1987, ciwon zuciya ya kama shi a ofishinsa, ya rasu yana da shekara 65. Cikin mako guda tsintsiyar da ya ɗaure ta warwatse. Magoya bayansa suka rabu tsakanin Timothy Evans da Eugene Sawyer, dukansu baƙaƙe. Bayan zaman da aka kwana ana yi, dubban mutane na zanga-zanga a waje, da asubahin 2 ga Disamba aka zaɓi Sawyer da ƙuri'u 29, mafi yawansu na tsofaffin abokan hamayyar marigayin.

7.0 Bayan Washington

A 1989 Richard M. Daley ya zama magajin gari, ya riƙe kujerar har 2011. Majalisa ta lafa, kuma wasu daga cikin abubuwan da aka yi faɗa a kansu suka zama ruwan dare. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara ware wa kowace mazaɓa kuɗi daidai wa daida duk shekara, kansila ya zaɓi titi ko lungu ko fitilar da za a gyara. Kuɗin ya daɗe a kan dala miliyan 1.32, daga baya aka ɗaga shi zuwa miliyan 1.5. A 1999 aka buɗe lambar waya ta 311, wadda kowa ke iya kira ya kai kukan rami ko shara kai tsaye, ba tare da ya bi ta hannun wakilin jam'iyya ba. A 2009 Joe Moore, kansilan mazaɓa ta 49, ya ari dabarar birnin Porto Alegre na ƙasar Barazil, ya bar mutanen mazaɓarsa su jefa ƙuri'a a kan ayyukan da za a kashe kuɗin a kansu. Shi ne na farko da ya yi haka a Amurka.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Wani bincike da ofishin Sufeto Janar na birnin ya fitar a 2017 ya nuna cewa raba kuɗi daidai ba shi ne adalci ba, tun da wasu mazaɓu sun ninka wasu yawan tituna. Mazaɓa mai faɗi tana karɓar abin da ƙarama ke karɓa, ramukanta kuwa sun fi yawa.

Lafawar majalisa ita ma ta zo da tata illar. A watan Disamba na 2008 magajin gari ya kawo shirin jinginar da na'urorin karɓar kuɗin ajiye mota na birnin, kimanin dubu 36, ga wani rukunin 'yan kasuwa ƙarƙashin jagorancin bankin Morgan Stanley, na tsawon shekara 75, a kan dala biliyan 1.15. Kwanaki ƙalilan aka ba kansiloli su duba yarjejeniyar. Suka amince da ita da ƙuri'u 40, biyar kacal suka ƙi. A 2009 Sufeto Janar ya ƙiyasta cewa birnin ya yi asarar kusan dala biliyan ɗaya a cinikin. Kuɗin ajiye mota ya yi tashin gwauron zabi, mafi yawan abin da aka karɓa aka kashe shi cikin 'yan shekaru, yarjejeniyar kuwa za ta ɗaure jikokin waɗanda suka sa hannu. A duk shekaru ukun Yaƙin Majalisa ba a yi ɓarna guda da ta kai wannan daɗewa ba, ga shi kuma an yi ta cikin lumana da fahimtar juna.

Hurumin kansila ma ya nuna ɗaya fuskar tasa. Daga farkon shekarun 1970 zuwa yau, kansilolin Shikago fiye da talatin kotunan tarayya suka samu da laifin cin hanci da makamantansa, kuma da yawa daga cikin laifuffukan a kan takardun izini da sauya ƙa'idar fili aka yi su. Vrdolyak ya yi zaman kurkuku a kan wata badaƙalar cinikin gida. Burke, wanda ya koma shugabancin kwamitin kuɗi a 1989, ya kuma yi shekara 54 a majalisa, an tuhume shi a 2019 da matsa wa mai wani gidan abinci na Burger King lamba ya ba kamfaninsa na lauyoyi aiki kafin a sakar masa izinin gyaran gini. A Disamba 2023 aka same shi da laifi, a 2024 aka yanke masa ɗaurin shekara biyu. Lori Lightfoot, wadda ta zama magajiyar gari a 2019, ta sa hannu a ranarta ta farko a kan umurnin rage wannan hurumi a ma'aikatun birni, amma ikon kansila a kan filaye bai gushe ba, domin sauran kansiloli ne ke kare shi da ƙuri'unsu.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bibiyi majalisa guda a cikin yanayi dabam-dabam. A zamanin Daley na farko kansiloli sun haɗa kai, hidima tana gudana, amma da sharaɗin biyayya, kuma wasu unguwanni suna kallo daga nesa. A zamanin Washington kai ya rabu, ayyuka sun tsaya, amma a cikin wannan rabuwa ne aka kafa ƙa'idar cewa mazaɓar da ba ta zaɓe ka ba ita ma tana da rabo. A zamanin Daley na biyu an sake haɗuwa, an faɗaɗa hanyoyin kai kuka, amma rashin mai cewa a dakata a karanta ya jawo wa birnin asarar da za ta kai shekara 75.

Gaskiya ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai dai ya kamata a tambaya: jinkar ɗakin wa ake ɗauka? Kansiloli suna iya haɗa kai domin su rufa wa juna asiri, suna kuma iya haɗa kai domin aikin da kowa zai gani. A zaure, duka biyun ƙuri'a 40 ce ko 50, ba a bambance su da ido. Ana gane su ne ta hanyar tambayoyi masu sauƙi. Shin an bayyana wa jama'a rabon kowace mazaɓa? Shin an ba wakilai lokacin karanta abin da za su amince da shi? Shin wanda bai zaɓi kansila ba yana iya kai kuka a saurare shi? Ɗalibin da zai zama kansila gobe, da wanda zai tsaya a layi ya zaɓe shi, dukansu suna da abin dubawa a cikin labarin waɗancan mutane na Shikago da suka ƙi magajin gari a akwatin zaɓe, amma suka tilasta wa kansilolinsu zama da shi saboda titin unguwarsu.